Kifin Da Ya Tona Asirin Kogunan Amurka

A gabashin ƙasar Amurka akwai wani kifi da masu fatsa na can suke ji da shi ƙwarai da gaske, ko da yake ba wani babba ba ne, kuma galibin masu kama shi ba su kai shi tukunya. Turawa suna kiransa smallmouth bass, watau kifin bas mai ƙaramin baki, domin su bambanta shi da wani ɗan'uwansa mai wagegen baki wanda ya fi son tabki da ruwa mai ɗumi. Shi wannan kifin kogi ne, yana son ruwa garai-garai mai gudu a kan duwatsu da tsakuwa. Tun daga shekarar 2002 maganarsa ta bar bakin masunta ta shiga majalisu da kotuna da ɗakunan bincike, saboda irin ciwon da aka riƙa gani a jikinsa a cikin kogunan da miliyoyin mutane suke sha.

A ƙira ya ɗan yi kama da ɗan giwan ruwa, amma launinsa na tagulla ne, da zane-zane masu duhu a tsaye a gefen jikinsa, idanunsa kuwa sau da yawa jajaye ne. Wanda ake samu a kogi yakan yi laba ɗaya ko biyu. Wanda ya kama mai laba biyar ya sami labarin da zai yi ta bayarwa har tsufansa. Mafi girma da aka taɓa rubutawa shi ne wanda wani mutum mai suna David Hayes ya kama a tabkin Dale Hollow a 1955, mai nauyin laba 11 da oza 15, watau kilo 5 da ɗoriya. To, me ya sa ake sonsa haka? Saboda taurin kansa ne. Da zarar ya ji ƙugiya sai ya yi tsalle sama ya girgiza kai, ya koma ƙasa ya nufi inda ruwa ya fi ƙarfi, har mai fatsa ya yi tsammanin ya kamo abin da ya ninka shi uku.

Masu nemansa sukan shiga ruwa da ƙafa har gwiwa ko ƙugu, ko kuma su hau ɗan kwale-kwale su bar ruwa ya yi ta tafiya da su yini guda. Gwani ya san inda zai jefa: bayan babban dutse inda ƙarfin ruwa ya karye, ko gindin itacen da ya faɗo cikin kogi, domin a nan kifin yake laɓewa yana jiran abin da ruwa zai kawo masa. Abincinsa ƙananan kifaye ne da tsutsar ƙwarin ruwa da jatan lande irin na ruwan daɗi, saboda haka ake maƙala wa ƙugiya na roba masu kama da su, ko kuma ƙwaron ƙarya da aka ɗaura da gashin tsuntsu. In an kama sai a zare ƙugiyar, a ɗauki hoto, a mai da shi ruwa. Mai karatu na iya ganin wannan wahalar banza ce, amma a garuruwan bakin kogi akwai masu cin abinci da ita, kamar masu sayar da kayan fatsa da masu gidajen saukar baƙi da 'yan jagora waɗanda ake biya su kai baƙo inda kifi yake.

Akwai wata ɗabi'a tasa wadda sai an san ta za a fahimci abin da ya biyo baya. Idan sanyi ya wuce, wajen watan Mayu, ruwa ya fara ɗumi, namijin ne yake share tsakuwa da wutsiyarsa ya yi gurbi. Macen ta zo ta zuba ƙwai ta tafi abinta, shi kuwa ya zauna gadi makonni, har 'ya'yan su ƙyanƙyashe su iya watsuwa. In aka fizge shi daga gurbin, ko da na ɗan lokaci ne, ƙananan kifaye sukan afka wa ƙwan. Su kuwa 'ya'yan, a gefen kogi suke yin watanninsu na farko, inda ruwa ba shi da zurfi. Har wa yau kifin ba ya saurin girma a kogi, wanda ya kai inci 18 ko 20 yakan yi shekara goma ko fiye. Saboda haka in manya suka mutu a shekara guda, ba a shekara guda ake mai da su ba.

Baƙo ne da ya zama ɗan gari

Kogunan da wannan labari ya shafa guda uku ne, dukkansu kuwa ruwansu yana ƙarewa a wani babban lungun teku da ake kira Chesapeake. Akwai Potomac wanda ya ratsa birnin Washinton, da Shenandoah na jihar Bajiniya wanda yake zuba cikin Potomac a garin Harpers Ferry, sa'an nan daga arewa akwai Susquehanna, mai tsawon mil 444, wanda ya keta jihar Fensilbaniya, shi kaɗai yana kawo kusan rabin ruwan daɗin da ke shiga lungun tekun.

Abin mamaki shi ne babu ko ɗaya daga cikinsu da yake gidan kifin na asali. Asalinsa manyan tabkunan da ke tsakanin Amurka da Kanada ne, da kogin Ohio da saman Mississippi, watau bayan duwatsu ta yamma. A cikin shekarar 1854 wani mutumin garin Wheeling, William Shriver, ya zuba 'yan kaɗan a cikin bokitin da aka huhhuda, ya tsoma bokitin a tankin ruwan kan jirgin ƙasa, ya haye duwatsu da su zuwa garin Cumberland, ya sake su a ruwan da ke haɗe da Potomac. Cikin 'yan shekaru suka cika kogin, daga baya kuma aka kai su sauran. A yau wanda ya yi irin wannan aiki sai ya amsa tambaya a gaban hukuma. Kifin nan da ake kashe kuɗi domin a cece shi a gabas, shi ne aka zuba wa guba a kogin Rondegat na Afirka ta Kudu a 2012 saboda ya cinye ƙananan kifayen ƙasar, kuma shi ne hankalin hukumomi ya tashi a 2022 da aka ga 'ya'yansa a kogin Colorado, ƙasa da madatsar Glen Canyon. Amma a kogunan Chesapeake ya yi fiye da shekara ɗari da hamsin, ya riga ya zama ɗan gari.

Dokar da ta toshe bututu

Kafin 1970 kogunan Amurka da yawa sun zama kwatami. Masana'antu da birane suna sako musu ƙazanta yadda suka ga dama, har kogin Cuyahoga na birnin Cleveland ya kama da wuta a watan Yuni na 1969 saboda man da ke yawo a kansa. A watan Oktoba na 1972 Majalisar Dokoki ta zartar da Dokar Tsabtace Ruwa. Shugaba Nixon ya ƙi sa hannu, yana kukan yawan kuɗin da za ta ci, amma Majalisar ta tara ƙuri'un da suka rinjaye shi. Dokar ta hana kowa sako ƙazanta ta bututu cikin kogi sai da takardar izini, ta kuma sa burin a iya wanka da kamun kifi a ruwayen ƙasar kafin 1983.

Lalle dokar ta yi aiki. An gina manyan wuraren tace ruwan najasa, wari ya ragu, kifi ya komo wuraren da aka daɗe ba a gan shi ba. Sai dai tana da wani giɓi babba. Bututu yana da mai shi, ana iya auna abin da ke fita daga bakinsa a ci tarar mai shi. Ruwan saman da ya wanke gona ya gangara da taki da maganin ciyawa da kashin dabbobi kuwa, dokar ba ta neman masa izini, ta bar wa jihohi su lallashi manoma. Ta wannan giɓi ne masifar ta shigo.

A 2002 aka ga matattun kifaye a reshen Potomac na kudu, cikin jihar Bajiniya ta Yamma. A 2004 abin ya faɗa wa reshen Shenandoah na arewa, a 2005 kuma ya koma reshen kudu, inda ma'aikatan jiha suka ƙiyasta cewa kusan kashi 80 cikin ɗari na manyan kifin bas sun hallaka. Mutuwar ba irin ta guba ba ce, wadda takan kashe kome da kome a dare ɗaya. A hankali take tafiya, makonni da makonni, kifi yana fitowa da gyambo a jiki kamar an ɗosa masa wutar taba. 'Yan jagora ne da masu fatsa suka fara lura, domin su ne kullum a kan ruwa, kuma su ne aljihunsu ya fara ji. Ɗaya daga cikinsu, Jeff Kelble, da ya ga sana'arsa ta durƙushe, sai ya ajiye jagora a 2006 ya karɓi aikin da wata ƙungiya mai zaman kanta ta ba shi na Mai Gadin Kogin Shenandoah, watau ya riƙa bin kogin yana gano masu ɓata shi, yana kai ƙara.

Jihar Bajiniya ta kafa kwamitin bincike. An sami ƙwayoyin cuta iri-iri a jikin kifayen, amma galibinsu irin waɗanda lafiyayyen kifi yake iya turewa ne. Tambayar sai ta koma, me ya raunana kifin har ƙananan cututtuka suka fi ƙarfinsa? Ruwa dai ba ya tsami banza.

Ƙwai a jikin namiji

Wata masaniyar cututtukan kifi ta Hukumar Binciken Ƙasa ta Amurka, Dokta Vicki Blazer, tana cikin waɗanda aka kai wa kifayen Potomac. A 2003, sa'ad da take duba su a madubin likita, ta ga abin da ba shi aka aike ta nema ba: ɗanyun ƙwai irin na mace a cikin gaɓar da namiji yake yin maniyyi. Daga waje kifin namiji ne sosai, a ciki kuwa ya soma zama mata-maza. Da aka faɗaɗa binciken, a wasu wurare na Shenandoah an sami wannan alama a jikin kashi 80 har zuwa 100 cikin ɗari na mazan da aka duba. Wani binciken da hukumar ta fitar a 2009, wanda ya shafi manyan koguna tara a faɗin ƙasar, ya same ta a jikin kusan ɗaya cikin uku na mazan wannan kifi.

Bayanin masana shi ne akwai sinadarin da jikin mace yake sarrafawa, wanda shi ne yake umartar jiki ya yi ƙwai. Irinsa yana fita cikin kashin shanu da na kaji, yana kuma fita cikin fitsarin mutane, har da ragowar magungunan tsarin iyali waɗanda wuraren tace najasa ba su iya cirewa duka. Akwai kuma magungunan gona da ake zargi da rikita wannan tsari na jiki, daga cikinsu har da atarazin, maganin ciyawar nan da manoman masara na ƙasar nan ma suka san shi, wanda Tarayyar Turai ta janye wa izini tun 2004. Ɗan kaɗan ya isa, musamman in ya sami kifi yana ƙarami. Kuma lokacin da ake feshi da watsa taki a gonaki shi ne daidai lokacin da kifin yake ƙyanƙyasa. Binciken Blazer da abokan aikinta ya nuna alamar ta fi yawa a inda gonaki da dabbobi suka fi yawa a bakin ruwa. Kwarin Shenandoah kuwa matattarar kiwon kaji da talotalo ce, musamman gundumar Rockingham.

Labarin ya tsorata mutanen Washinton, domin daga Potomac ake jawo ruwan famfonsu. Hukumomin ruwa suka ce adadin da ke cikin ruwan sha bai kai na cutar da mutum ba, kuma gaskiya ne kifi yana kwana yana tashi cikin ruwan, mutum kuwa kurɓa yake yi. Amma daga ranar maganar ta wuce ta masu fatsa kaɗai.

Hukuma biyu, kogi ɗaya

A Susquehanna abin ya zo da wata fuska. A can 'ya'yan kifin ne suka riƙa mutuwa, tun daga lokacin zafi na 2005, aka kuma sāke gani a 2007 da 2008. Gefen kogin da suke zama yakan yi zafi ƙwarai a Yuli da Agusta in ruwa ya ja baya. Takin da ya gangaro daga gonaki yana ciyar da gansakuka, ita kuwa da rana tana ba da iskar shaƙa, da dare ta shanye ta, sai asuba ta yi 'yan kifaye suna cikin ƙunci. Babban kifi yana iya komawa tsakiyar kogi, ƙarami ba shi da ƙarfin yin haka.

Hukumar Kifi da Jiragen Ruwa ta Fensilbaniya ta yi abin da yake hannunta. Daga farkon 2011 ta hana kowa tafiya gida da kifin bas a tsawon mil 98 na kogin, daga garin Sunbury zuwa madatsar Holtwood, sai dai a kama a saki. Daga 2012 kuma ta hana neman sa ɗungum daga 1 ga Mayu zuwa tsakiyar Yuni, domin a bar maza su yi gadin gurbinsu. Wasu 'yan jagora sun yi gunaguni, don kuwa lokacin ne kasuwarsu take ci, amma dokar ta zauna. Watau waɗanda ba su ɓata ruwan ba su ne aka fara ɗaure wa hannu.

Shugaban hukumar na lokacin, John Arway, bai tsaya nan ba. Ya yi ta neman Ma'aikatar Kare Muhalli ta jihar ta sa kogin cikin jerin ruwaye marasa lafiya, domin a ƙarƙashin dokar 1972 da zarar an sa kogi a jerin ya zama tilas a tsara yadda za a rage ƙazantar da ke shigarsa. Hujjarsa a taƙaice ita ce in kifi ba shi da lafiya, kogin ne ba shi da lafiya. Ma'aikatar ta ƙi, ta ce ba za ta yanke hukunci ba sai an gano takamaiman abin da ke kashe kifin. Hukumomi biyu na gwamnati guda suka yi shekaru suna musayar magana a jaridu. Ana cikin haka, a watan Nuwamba na 2014, wani mai fatsa ya kamo kifi da ƙaton ƙari a baki, a 2015 aka tabbatar ciwon daji ne. Kifi ɗaya ne tak, ba ya isa hujjar kimiyya, amma hotonsa ya yi abin da rahotanni masu shafi ɗari-ɗari ba su yi ba.

A watan Disamba na 2015 wani taron masana da hukumomin suka haɗa ya ce mafi kusa da zato su ne sinadaran da ke rikita jiki da magungunan ciyawa, tare da ƙwayoyin cuta. A 2018 kuma masu bincike na Jami'ar Jihar Michigan suka nuna cewa wata ƙwayar bairas, wadda aka fi sani a jikin ɗan'uwansa mai babban baki, tana iya kashe 'ya'yan wannan kifi idan ruwa ya yi ɗumi. Kowane ɓangare ya ga abin da ya gamshe shi a cikin wannan. Masu kare ma'aikatar suka ce ashe cuta ce, masu fatsa suka ce cuta ba ta kayar da mai ƙarfi. Sai a 2019, bayan Arway ya yi ritaya, ma'aikatar ta sa wani yanki na kogin a jerin. Kafin nan 'ya'yan kifin sun soma rayuwa, manya sun ƙaru, har aka sassauta hanin watan Mayu.

Wa zai biya kuɗin shinge?

Masu fatsa a Amurka suna da bakin magana ne saboda suna biya. Ban da kuɗin lasin, tun 1950 akwai dokar tarayya da ta ɗora harajin kashi 10 cikin ɗari a kan kayan fatsa, ana raba kuɗin ga jihohi gwargwadon faɗinsu da yawan masu lasin, domin aikin kifi. Amma wannan kuɗi ba ya iya gyara gonaki. Maganin kuwa sananne ne, ba ya bukatar wani sabon ilmi: a yi shinge a hana shanu tsayawa cikin rafi, a haƙa musu wurin sha a tudu, a bar itatuwa da ciyawa aƙalla ƙafa 35 tsakanin gona da ruwa, a daina watsa kashin kaji fiye da abin da ƙasa za ta iya sha. Matsalar ita ce manomi ne zai rasa filin, wanda zai amfana kuwa yana can mil ɗari a gangare. A Fensilbaniya kaɗai gonakin da ruwansu yake gangarawa Chesapeake sun haura dubu talatin, da yawansu ƙanana ne na iyali masu 'yan shanun madara.

A watan Disamba na 2010 Hukumar Kare Muhalli ta Tarayya ta yanka wa jihohi shida da birnin Washinton iyakar ƙazantar da kowa zai bari ta isa lungun tekun, ta ba su zuwa 2025. Fensilbaniya ce ta fi zama a baya, har maƙwabtanta suka kai hukumar tarayya kotu a 2020 don ta ƙi matsa mata, aka sasanta a 2023. Tun a 2022 shugabannin shirin suka amsa cewa ba za a cika burin a kan lokaci ba. A Bajiniya an yi doka a 2020 wadda za ta tilasta wa masu garke yin shinge in lallashi bai wadatar ba, daga baya aka ɗaga wa'adin zuwa 2028. A tsakanin nan, a lokacin zafi na 2021, hukumar lafiya ta gargaɗi jama'a su nisanci fiye da mil 50 na reshen Shenandoah na arewa saboda gansakuka mai guba.

Akwai kuma tsohon bashi wanda ya girmi dukkan waɗannan. Daga 1929 zuwa 1950 masana'antar zaren kamfanin DuPont da ke garin Waynesboro ta yi amfani da zaiba, wadda ta malala cikin kogin South, ɗaya daga cikin rassan da suka haɗu suka yi Shenandoah. Ba a gano ba sai a 1976. Zaiba ba ta ruɓewa, tana kwance cikin ƙasar gaɓar kogi, duk sa'ad da ambaliya ta zaizaye gaɓar sai ta koma ruwa, ta bi ta jikin ƙwari da ƙananan kifaye ta taru a naman babban kifi. Saboda haka aka kakkafa alluna a bakin kogin ana gargaɗin mutane game da cin abin da suka kama. A ƙarshen 2016 kamfanin ya yarda da sulhun da darajarsa ta kai wajen dala miliyan 50, domin gyaran gaɓar koguna da sayen filaye. Wani kaso na kuɗin an ware shi ne don a sabunta tsohon gidan renon kifi na jiha da ke kusa da garin Front Royal, inda za a riƙa ƙyanƙyasar 'ya'yan kifin bas a cikin tankuna, a zuba su a kogi a shekarun da na cikin kogin suka kasa rayuwa.